Yunwa A Cikin Kwalba



Cikin wasiƙun da su ka iso mana makon jiya akwai wata daga zangon Kumasi, ta wata baiwar Allah wadda ta roƙe mu kada mu faɗi sunanta. Tambaya biyu ta yi. Ta fari, tana da yaro ɗan wata 18, tun da a ka yaye shi ba ya son abinci, in an ba shi sai ya kau da kai. Maƙwabciyarta kuwa ta kawo mata wata kwalbar magani mai zaƙi, ta ce in ya sha cokali guda da dare, kashegari sai ya cinye tukunya. Ta biyu, ƙanwarta ce za a yi wa aure bayan wata biyu, yarinyar kuwa siririya ce, manyan gida sun ce ba za a kai ta ɗaki haka kamar sillen kara ba, a nemo mata irin wannan kwalba ita ma. Shin akwai laifi?

To, malama, yaronki kada ki ba shi ko ɗigo. Zancen amarya kuwa yana da tsawo, kuma ba ke kaɗai ya shafa ba, gama na ga wannan kwalba da idona a wani kantin kayan miya a kudancin Landan, an ɓoye ta bayan buhunan garin rogo, sai wanda ya san sunanta a ke miƙo wa. Waɗanda ke zaune a Jidda da Njamena da Yawunde da Niyok sun san ta, ko da ya ke sunan da ke jikin kwalin yakan bambanta. A gida kuwa mutane sun raɗa wa irin waɗannan magunguna suna sha-ka-fashe, wanda ya raɗa sunan nan lalle ya san abin da ya ke faɗi.

Bari mu fara daga tushe. A jikin kowane ɗan Adam akwai wani sinadari da masana ke kira histamin. In sauro ya cije ka, wurin ya tashi ya yi ja yana ƙaiƙayi, aikinsa ne. In ka shaƙi ƙura ka kama atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido yana hawaye, hanci yana zuba, shi ne dai. Borin jinin nan da ke fesowa mutum bayan ya ci wani abin da jikinsa ba ya so, duk shi ne. A shekarar 1910 wani masani a Ingila, Henry Dale, da abokin aikinsa su ka bayyana yadda wannan sinadari ke aiki. A 1937 kuma, a birnin Paris, Daniel Bovet da mataimakiyarsa su ka sami abu na fari da ke tare masa hanya. Daga nan a ka buɗe ƙofa, magungunan borin jini su ka yi ta fitowa, irin su Piriton wanda kusan kowane gida ya san shi.

Amma fa histamin ba a fata da hanci kaɗai ya ke aiki ba. Yana cikin ƙwaƙwalwa, a can kuwa aikinsa shi ne ya riƙe mutum a farke. Magungunan nan na zamanin fari ba su san iyaka ba, suna ratsawa daga jini su shiga ƙwaƙwalwa, su kwantar da mai gadin. Saboda haka da yawa cikin masu shan su sai barci. Ni kaina na ɗanɗana. Shekarar da na fara zuwa ƙasar nan, da lokacin furanni ya kama, atishawa ta hana ni sakat, na sha ƙwaya ɗaya irin ta da kafin in shiga jirgin ƙasa zuwa wurin aiki. Ban farka ba sai da ma'aikacin jirgi ya taɓa kafaɗata a tashar ƙarshe, na wuce tawa da nisa. Ranar na sha dariya wurin abokan aiki. Da mota na ke tuƙawa, da ba dariya za a yi ba.

Maganin da ke cikin kwalbar mai wasiƙarmu ɗan wannan dangi ne. Sunansa sifroheftadin. A jikin kwali da rubutun Turawa ya ke, amma ba wuyar ganewa, ku duba inda a ka jera abubuwan da ke ciki, za ku ga wata doguwar kalma da ta fara da haruffan C, Y, P, R, O. Kamfanin Merck na Amurka ya fito da shi a 1961 da sunan Periactin, don borin jini da atishawa da ƙaiƙayi. Ba wanda ya yi nufin ƙiba da shi. Sai a 1962 waɗansu likitoci a birnin Baltimo su ka ba da labarin abin da su ka gani ga yara masu ciwon asma da a ke ba su shi: yaran sun buɗe ciki, nauyinsu kuma ya ƙaru fiye da na 'yan uwansu da a ka ba wani maganin dabam.

Dalilin haka ga shi. Can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka wadda ba ta fi ƙwallon dabino ba, ita ke lura da yunwa da ƙishirwa da zafin jiki. In mutum ya ci ya isa, sai saƙo ya je mata cewa a ɗauke akushi. Cikin masu kai wannan saƙo akwai histamin ɗin nan, akwai kuma wani sinadari mai suna serotonin. To, sifroheftadin dukansu biyu ya ke tarewa. Watau manzon da zai ce an ƙoshi shi a ke tsarewa a ƙofa, mutum ya yi ta loma ba wanda ya ce masa ya isa. Ku lura da wannan da kyau. Maganin ba abinci ba ne, ba ya gina tsoka, ba ya ƙara jini. Ɗan bitamin da a kan zuba a cikin kwalba don a ƙawata kwali ba shi ke kawo ƙibar ba. Abin da kwalbar ke sayarwa yunwa ce, haɗe da barci. Mutumin da ke ci fiye da kima, sa'an nan ya kwanta ya yi ta sharar barci, ai ko ba a gaya muku ba kun san inda zai kwana.

Kada wani ya ce na zo ne in ɓata sunan magani. Ko kusa. A hannun likita abu ne mai amfani ƙwarai. Yana maganin borin jini, musamman irin wanda sanyi ke tayarwa, abin da waɗansu 'yan uwanmu ba su taɓa sani ba sai da su ka zo ƙasashen ƙanƙara. Likitocin yara sukan ba da shi don rage yawan tashin ciwon ɓarin kai. In waɗansu magungunan damuwa su ka haɗu su ka sa serotonin ya yi wa mutum yawa, jiki ya ɗau zafi yana karkarwa, da shi a kan kai gudunmawa a asibiti. Har likitocin dabbobi sukan ba kyanwar da ta ƙi cin abinci. Game da nauyi kuma, a 2019 waɗansu masana a Kanada su ka tattara bincike 46 da a ka yi a kansa, su ka tarar a cikin 39 mutane sun ƙara nauyi sosai. Saboda haka mai cewa kwalbar ba ta aiki bai faɗi gaskiya ba. Tana aiki. Yaron da wata doguwar cuta ta hana shi girma, likita ya auna shi, ya san abin da ke damunsa, ya ƙayyade masa awo da kwanaki, wannan ya sami taimako.

Amma a cikin wannan bincike akwai wani abin da ya fi jan hankalina. Inda ramar ta fito daga cuta mai cin jiki, kamar ciwon daji ko ƙanjamau, amfanin maganin kaɗan ne, ko ma babu. A nan ne gardamata ta ke da masu sayar da kwalba a bayan buhun gari.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya ke da jikinsa da, sa'an nan ya soma zubewa, wando yana yi masa yawa, abinci ya fita ransa, jikinsa magana ya ke yi. Wataƙila tarin fuka ne, wanda yakan zo da zufar dare da ɗan zazzaɓin yamma tun tari bai yi ƙarfi ba. Wataƙila ciwon sukari ne, ga yawan fitsari ga ƙishirwa. Wataƙila tsutsar ciki ce, ko gyambon ciki, ko ƙwayar maƙogwaron nan da kan kumbura ta zama maƙoƙo ce ke aiki fiye da kima. Wataƙila kuma baƙin ciki ne da kewar gida, wanda mu mazauna ƙasashen waje mun san shi sarai, ko da ya ke ba mu cika son faɗi ba. Kusan dukan waɗannan suna da magani in an gano su da wuri. Tarin fuka, irin wanda bai gagari magani ba, wata 6 a ke shan ƙwayoyi a rabu da shi. Wanda ya sayi kwalba maimakon ya je a duba shi, wata biyu ko uku ya saya na jinkiri, cutar kuwa ba ta jira, kuma in tarin fuka ce, waɗanda ya ke kwana ɗaki ɗaya da su suna shaƙa. Ku tuna yadda samarinmu ke cunkushe, mutum biyar ko shida a ɗaki guda, a biranen da haya ke da tsada.

Wannan ga mai rama ke nan. Saura wanda lafiyarsa lau, haka Allah ya yi shi siriri, kamar amaryarmu ta Kumasi.

Na san nauyin da ke kanta, gama ni ma ba a bar ni ba. Duk sa'ad da na je gida, kafin in ajiye jaka gwaggona za ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, ba sa ba ka abinci ne a can?" A wurinmu ƙiba shaidar hutu ce, wanda ya yi shekaru a waje ya komo ba kumatu, sai a soma raɗe-raɗin ko wahala ya ke sha. Ga mata abin ya fi tsanani. Da a kan tsare amarya a yi ta ɗura mata fura da nono da kunu, wannan ko ba komi abinci ne. Yanzu an sami gajeriyar hanya. Ba mu kaɗai ba ne kuwa. Wani bincike da a ka buga a 2016 ya tambayi mutum 499 a birnin Kinshasa, kusan 73 cikin 100 su ka ce sun taɓa shan wannan magani don buɗe ciki. A ƙasashen Turawa ma yayi ya juya, 'yan mata suna neman ƙugu siriri da ƙasa mai faɗi irin na taurarin da su ke gani a waya, har wata kwalba mai suna Apetamin, wadda a ke yi a Indiya, ta yi kasuwa a Instagram. A 2021 shugabannin hukumar lafiya ta Ingila su ka rubuta wa Instagram takarda su na neman a hana tallarta, a 2023 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kanta. A ƙasashen nan biyu ba a ba ta izinin shiga kasuwa ba, shi ya sa a ke ɓoye ta. Mai cusa kwalabe goma cikin akwati don ya sayar wa 'yan uwa, ya san da wannan.

Abin da masu talla ba sa faɗi shi ne, kitse ba ya karɓar umarni. Ba wani magani da zai ce masa sauka nan, kada ka sauka can. Inda jikin mutum ya gada ya ajiye, nan zai ajiye, ga mutane da yawa kuwa tumbi ne. Kitsen ciki shi ne abokin tafiyar ciwon sukari da hawan jini. In kuma an daina sha, yunwar aro ta tafi, sau da yawa jiki yakan koma inda ya fito, sai a sake sayen wata kwalba, abin da a ka ce na wata biyu ne ya zama na shekara biyu.

Sa'an nan ga barcin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Ga waɗansu nauyin idon yakan ragu bayan kwana uku ko huɗu, ga waɗansu ba ya raguwa, kuma mutum ba shi ne alƙalin kansa a wannan ba, gama yana iya jin ya warware alhali hannunsa da idonsa sun yi sanyi. Ku dubi irin ayyukan da mutanenmu ke yi a waje: tuƙin tasi, kai kaya a kan babur, gadin dare, jinyar tsofaffi, aikin inji a masana'anta. A Ingila laifi ne mutum ya tuƙa mota in magani ya rage masa hankali, ko da maganin na halal ne, likita ya rubuta. In an haɗa shi da giya, ko maganin barci, ko kodin, ko tiramadol, to, barci ya hau kan barci. Ban da wannan yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana sa gani ya yi hazo, yana kuma rage zufa, abin da mai aiki cikin ranar Saudiyya ko Chadi ko Sudan bai kamata ya raina ba. Akwai kuma 'yan kaɗan da ya taɓa musu hanta. Ba kasafai ba ne, amma an gani an rubuta. Wanda ke shansa ya ga idonsa ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ko fitsari ya yi duhu, ya ajiye kwalba ya nufi asibiti ran nan.

Akwai waɗanda bai halatta su kusance shi ba sam. Mai shayarwa, gama yana iya rage nono, yana kuma iya kaiwa ga jariri. Mai irin ciwon hawan ruwan idon nan da ke tasowa farat ɗaya. Dattijon da fitsari ke yi masa gardama, don yana iya ɗaure shi ɗungum. Mai gyambon da ya ƙuntata mafitar tumbi. Tsoho mai rauni, wanda zai iya ruɗewa ko ya faɗi ya karye. Mai shan maganin damuwa kuma ya tambayi likitansa tukuna, don waɗansu ba sa shiri da shi, waɗansu kuma yana kashe musu ƙarfi. Mai ciki ma kada ta sha sai da shawarar likita.

Mafi muni duka shi ne abokin da a kan haɗa shi da shi. Masu ƙulla ƙwayoyi a leda, ba kwali ba suna, sukan gama shi da dekzametason ko wani ɗan uwansa. Wannan kuwa magani ne mai ƙarfi na cututtuka masu tsanani, yana ceton rai a asibiti, amma in an daɗe a na sha ba dalili sai fuska ta kumbura ta zama kamar faifai, wuya ya yi tozo, ciki ya fito, hannu da ƙafa kuwa su sirance. 'Yan uwa su ga kumatu su ce amarya ta yi kyau, alhali kallon kitse a ke yi wa rogo. A ƙarƙashin wannan kumburi sukari yana hawa, jini yana hawa, ƙashi yana rauni, fata tana tsagewa da nankarwa, garkuwar jiki tana faɗuwa, har tarin fukan da ke kwance ya sami hanyar tashi. Wanda ya riga ya yi makonni yana shan irin wannan ƙulli, ina roƙonsa kada ya yanke shi rana ɗaya don ya ji wannan shiri, gama yankewa farat ɗaya tana iya kayar da mutum. Ya ɗauki ledar ya kai wa likita, a rage masa sannu sannu.

To, amarya babba ce, jikinta nata ne, ba ni da ikon hana ta. Amma da ƙanwata ce, sai in ce ta fara zuwa a auna tsawonta da nauyinta. In an ce suna daidai, ba ta da abin da za a yi wa magani. In an ce ta gaza, a nemi dalili, sa'an nan a koma ga akushi: gyaɗa, wake, ƙwai, kifi, nono, ci kaɗan kaɗan sau biyar a yini maimakon biyu. In likita ya ga ya kamata a taimaka mata da ƙwaya, shi ya san awo. Ƙwaya ɗaya miligiram 4 ce, babba akan fara masa da ɗaya sau uku a yini, ba a kuwa wuce miligiram 32 kome girmansa. Masu kafa kai a bakin kwalba su kwankwaɗa ba su san nawa su ka sha ba.

Na komo kan yaro. Ba a ba wanda bai kai shekara 2 ba wannan magani. Ƙananan yara wani lokaci ba barci ya ke sa su ba, sai dai firgita da rashin natsuwa, in ya yi yawa kuma sai gane-gane da jijjiga, har a rasa rai. Yaron da a ka yaye ya ƙi abinci abu ne da a ka saba gani, galibi kuwa yakan wuce. Ki kai shi wurin awon yara da katinsa, a ga ko layin nauyinsa yana hawa ko ya tsaya, a duba jininsa da bakinsa da zancen tsutsa. Ki rage masa ruwan zaƙi da biskit tsakanin abinci, gama cikinsa ƙarami ne, abu kaɗan ke cika shi. Ki dama masa koko da gyaɗa ko madara, ki zauna ki ci tare da shi, kada ki yi masa ɗure.

Kwalbar maƙwabciya kuwa ki mayar mata, ki kuma gaya mata ta ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, don zaƙinta shi ne haɗarinta. Irin na ruwan nan, kowane ƙaramin cokali na mililita 5 yana ɗauke da miligiram 2. Ke nan kwalba mai mililita 200 tana da miligiram 80, daidai da ƙwaya 20, alhali iyakar abin da a ke ba ɗan shekara 2 zuwa 6 a yini guda miligiram 12 ne. In tsautsayi ya sa yaro ya sami kwalba ya sha, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada kuma a ce bari ya yi barci ya tashi. A ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti nan take, a gaya musu ƙarfe nawa ya sha.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa wasiƙar wani direba daga Garwa wanda ke tambaya a kan sababbin magungunan atishawa da ba su cika sa barci ba.